B. F. Skinner (1904–1990): Rayuwarsa da Gudummawarsa ga Tsara Darasi

1.0 Gabatarwa

Kowane ɗalibin kwalejin ilimi ya san cewa ba a karɓar tsarin darasi sai an bayyana manufarsa da aikin da za a iya gani ko a ji, wato abin da yaro zai iya furtawa ko rubutawa ko warwarewa a ƙarshen darasi. Ya kuma san cewa ana so a raba darasi mataki-mataki, a fara da mai sauƙi, sannan a auna fahimta kafin a wuce gaba. Waɗannan ƙa'idoji suna da tarihi, kuma daga cikin mutanen da suka assasa su babu wanda sunansa ya fi fitowa kamar Burrhus Frederic Skinner, masanin ilimin halayya ɗan ƙasar Amurka. Wannan babi ya kawo tarihin rayuwarsa, da yadda binciken da ya fara a kan ɓeraye da tantabaru ya kai shi ga ra'ayin cewa gwaninta gina ta ake yi, kuma idan yaro ya kasa, tsarin darasi ya kamata a fara tuhuma kafin a tuhumi ƙwaƙwalwar yaron.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Skinner a ranar 20 ga watan Maris na shekarar 1904 a Susquehanna, wani ƙaramin garin ma'aikatan jirgin ƙasa da ke jihar Pennsylvania. Mahaifinsa lauya ne. Iyayensa mutane ne masu tsananin kula da tarbiyya, amma mahaifin bai taɓa dukansa ba. Abin da ya yi shi ne yawan tuna masa hukuncin da ke jiran masu laifi, har ya taɓa zagayawa da shi cikin gidan yarin yankinsu domin ya gani da idonsa. Skinner yana da ƙane guda ɗaya, wanda ya rasu kwatsam yana ɗan shekara 16.

Tun yana yaro aka san shi da ƙere-ƙere. Ya haɗa wata na'ura mai amfani da ruwa wadda ke ware nunannun 'ya'yan wani itacen daji daga ɗanyu, domin shi da abokinsa su riƙa sayarwa gida-gida. Da mahaifiyarsa ta dame shi da faɗa a kan barin kayan barcinsa a yashe, sai ya ɗaura igiya da ƙugiya ta yadda wani allon tunatarwa zai sauko a bakin ƙofa muddin bai rataye kayan ba. Wannan hali na gyara muhalli domin a gyara ɗabi'a shi ne ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

3.0 Karatunsa

Skinner ya shiga Kwalejin Hamilton da ke jihar New York, inda ya karanta adabin Ingilishi, ya sami digirin farko a shekarar 1926. Burinsa a lokacin shi ne ya zama marubucin ƙagaggun labarai, musamman da yake shahararren mawaƙin nan Robert Frost ya karanta wasu gajerun labaransa ya yaba. Ya koma gidan iyayensa ya shafe kimanin shekara guda yana ƙoƙarin rubutu, amma bai samar da abin a-zo-a-gani ba. Daga bisani ya yanke hukuncin cewa ya iya sarrafa harshe, sai dai ba shi da wani muhimmin abin faɗa game da ɗan'adam, domin bai fahimci dalilin da ya sa mutane ke aikata abin da suke aikatawa ba.

A wannan hali ne ya ci karo da rubuce-rubucen Bertrand Russell, waɗanda suka kai shi ga ayyukan John B. Watson da na Ivan Pavlov, masanin nan na ƙasar Rasha. Watson yana ganin cewa ilimin halayya ba zai zama kimiyya ba sai ya taƙaita ga abin da ake iya gani a kuma auna. Wannan ra'ayi ya kwanta wa Skinner a rai. A shekarar 1928, yana da shekara 24, ya shiga Jami'ar Harvard domin nazarin ilimin halayya. Ya sami digiri na biyu a 1930, da na uku a 1931, sannan ya ci gaba da bincike a can har zuwa 1936.

4.0 Akwatin Gwaji da Ka'idar Ƙarfafawa

Pavlov ya nuna cewa idan aka riƙa haɗa wata alama da ba kare abinci, a ƙarshe alamar kaɗai za ta sa karen ya zubar da miyau. A nan, abin da ya gabaci aiki shi ne ke jawo aikin. Skinner ya lura cewa mafi yawan abin da dabba ko mutum ke yi bai shiga wannan rukuni ba. Tafiya da magana da rubutu ayyuka ne da mai yi ke fara su da kansa, kuma abin da ya biyo bayansu shi ne ke sa a maimaita su ko a bar su. Edward Thorndike ya riga ya hango wannan tun a 1898 a gwajin da ya yi da kyanwoyi, amma Skinner ne ya samar da hanyar auna shi dalla-dalla.

Ya ƙera wani akwati da ake sa ɓera a ciki. A jikin bangon akwatin akwai ɗan ƙarfe, wanda idan ɓeran ya danna sai ƙwayar abinci ta faɗo. Ya haɗa akwatin da wata na'ura mai alƙalami da ke zana layi a kan takarda mai tafiya, layin yana ɗagawa sama duk lokacin da aka danna ƙarfen. Da haka aka iya ganin saurin koyo a zahiri. Duk sakamakon da ya sa aiki ya ƙara yawaita, shi Skinner ya kira ƙarfafawa.

Biyu daga cikin muhimman abubuwan da ya gano sun zo ne bisa tsautsayi. Wata rana bututun abincin ya toshe, ɓeran ya ci gaba da dannawa bai sami komai ba, dannawar ta riƙa raguwa har ta ƙare. Wannan ya nuna yadda ɗabi'a ke dusashewa idan ta daina samun sakamako. A wani karon kuma ƙwayoyin abincin da yake yi da hannunsa suka kusa ƙarewa, sai ya shiga ba ɓeran sau ɗaya kawai a kowane minti. Maimakon ɓeran ya yi sanyi, sai ya dage da aiki. Daga nan aka fahimci cewa sabon aiki yana buƙatar ƙarfafawa a kowane karo, amma wanda aka riga aka iya ya fi ɗorewa idan ana ƙarfafa shi jefi-jefi. Haka kuma ya tabbatar da cewa jinkiri kaɗan tsakanin aiki da sakamakonsa yana rage ƙarfin koyo ƙwarai.

A shekarar 1936 ya yi aure, ya kuma kama aikin koyarwa a Jami'ar Minnesota. A 1938 ya fitar da littafinsa na farko, The Behavior of Organisms, wanda ya tattara sakamakon waɗannan gwaje-gwaje.

5.0 Tantabaru da Dabarar Sassaƙa Ɗabi'a

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Skinner ya jagoranci wani aiki na horar da tantabaru domin su riƙa saita makami mai linzami ta hanyar tsattsagar hoton abin da ake hari. Tantabarun sun iya aikin, amma hukumomin soja ba su gamsu ba, aka soke shirin a 1944. Duk da haka, a cikin wannan aiki ne aka gano abin da ya fi amfanar malamai.

A shekarar 1943, a saman wani ginin injin niƙan alkama da ke birnin Minneapolis, Skinner da abokan aikinsa biyu, Keller Breland da Norman Guttman, suka so su koya wa wata tantabara buga ɗan ƙwallon katako da bakinta. Suka zauna suna jiran ta buga domin su saka mata da hatsi, amma ba ta buga ba. Da jira ya ishe su, sai suka fara saka mata a kan duk wani motsi da ya yi kama da wanda ake nema. Ta kalli ƙwallon, aka ba ta. Ta matso kusa, aka ba ta. Daga nan aka daina ba ta sai ta taɓa shi, sannan sai ta ture shi da ƙarfi. Cikin 'yan mintoci tantabarar ta shiga buga ƙwallon yana karo da bangon akwati. Wannan ita ce dabarar da aka kira sassaƙa ɗabi'a, domin ta yi kama da aikin masassaƙi da ke fitar da turmi daga gungume sara bayan sara. Darasin da ke ciki shi ne, wanda ya tsaya jiran cikakken aiki kafin ya yaba zai daɗe yana jira. Mai koyarwa yakan fara ne daga abin da mai koyo ya riga ya iya, ya riƙa ɗaga ma'auni kaɗan-kaɗan.

A 1945 Skinner ya zama shugaban sashen ilimin halayya a Jami'ar Indiana, sannan a 1948 ya koma Harvard, inda ya zauna har ya yi ritaya.

6.0 Ziyarar Aji da Na'urar Koyarwa

Har zuwa wannan lokaci Skinner bai mai da hankali ga makaranta ba. Abin ya sauya ne a ranar 11 ga watan Nuwamba na 1953, ranar da makarantar ƙaramar 'yarsa ta gayyaci iyaye maza su shiga aji. Ya zauna a bayan 'yan aji huɗu ana darasin lissafi. An ba yara aiki iri ɗaya. Wasu suka gama nan da nan suka zauna ba abin yi, wasu kuma suna ta fama cikin damuwa. Da lokaci ya cika aka karɓe takardu, ba wanda zai san ko ya yi daidai sai washegari. Skinner ya ga an saɓa wa ƙa'idoji biyu da ya tabbatar a ɗakin gwaji: ba a sanar da mai koyo sakamakonsa nan take, kuma ana tafiya da kowa da sauri ɗaya ba tare da la'akari da inda ya tsaya ba. Bai ɗora laifin a kan mai koyarwa ba, domin ya san mutum ɗaya ba zai iya bin kowane yaro a kowace amsa ba.

Cikin 'yan kwanaki ya ƙera na'urar koyarwa ta farko. A shekarar 1954 ya gabatar da wata maƙala a Jami'ar Pittsburgh mai suna The Science of Learning and the Art of Teaching, inda ya ƙiyasta cewa yaro yana buƙatar ƙarfafawa kimanin sau 25,000 kafin ya ƙware a lissafin shekaru huɗun farko, alhali abin da malami ke iya bayarwa bai wuce 'yan dubbai ba. Ba shi ne farkon ƙera irin wannan na'ura ba, domin Sidney Pressey na Jami'ar Jihar Ohio ya yi tasa tun cikin shekarun 1920. Bambancin shi ne, na'urar Pressey zaɓi take ba ɗalibi tsakanin amsoshi, ta Skinner kuwa tana sa shi ya samar da amsar da kansa. A samfurin da ya bayyana a 1958, ɗalibi yakan ga tambaya ta wata 'yar taga, ya rubuta amsa a kan takarda, ya ja wani hannu, sai amsarsa ta shige ƙarƙashin gilashi inda ba zai iya gyara ta ba, amsar daidai kuma ta bayyana.

7.0 Ƙa'idojin Tsararren Darasi

Skinner ya sha nanata cewa na'urar ba ita ke koyarwa ba. Abin da aka tsara aka sa a cikinta shi ne malamin. Wannan tsari, wanda aka kira tsararren darasi, ya ginu a kan ƙa'idoji kamar haka:

(a) A fayyace aikin da ake so ɗalibi ya iya a ƙarshe.
(b) A raba hanyar zuwa gare shi cikin ƙananan gaɓoɓi masu bin juna.
(c) A sa ɗalibi ya yi wani aiki a kowace gaɓa, kada ya zama mai sauraro kawai.
(d) A sanar da shi sakamako nan take.
(e) A bar shi ya tafi da saurinsa, kada ya wuce gaɓa sai ya iya ta.
(f) A ba shi tallafi da farko, sannan a riƙa janye shi sannu a hankali.
(g) Idan ɗalibai da yawa suka faɗi a gaɓa ɗaya, a sake rubuta gaɓar.

Malamin Hausa zai iya gwada waɗannan ƙa'idoji a darasin ƙa'idojin rubutu. Misali, idan manufa ita ce yaro ya bambanta k da ƙ a rubuce, ba a farawa da shifta. Da farko yaro zai saurari kalmomi irin su kaya da ƙaya, ko baki da baƙi, ya faɗi ko ɗaya ne ko daban. Daga nan ya furta su da kansa. Sai a nuna masa kalmomin biyu a rubuce ya zaɓi wadda aka faɗa. Bayan haka ya cike harafin da aka cire daga kalma, ga misali a gabansa, sannan a ɗauke misalin. Sai ya ƙetare waɗannan duka za a yi masa shifta, a ƙarshe kuma ya sa kalmomin cikin jimlolin kansa. Idan rabin aji suka faɗi a shifta, mai yiwuwa an tsallake wata gaɓa ce a baya, kuma komawa gare ta ya fi bulala amfani.

Game da horo kuwa, Skinner ya nuna cewa duka da tsawa da muzantawa suna danne ɗabi'a na ɗan lokaci ne kawai, ba sa koya wa yaro abin da ya dace ya yi. Abin da suke haifarwa shi ne gudun makaranta, da satar amsa, da ƙin darasin da ma malamin. Ya tattara waɗannan ra'ayoyi a littafinsa The Technology of Teaching na shekarar 1968.

8.0 Yaɗuwar Ra'ayinsa

Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957, Amurka ta zuba kuɗi masu yawa a harkar ilimi, na'urorin koyarwa suka sami kasuwa. A 1961 Skinner da James Holland suka buga The Analysis of Behavior, littafin da aka rubuta shi gaba ɗaya a tsarin gaɓoɓi. Sai dai kafin ƙarshen shekarun 1960 kasuwar ta faɗi. Kamfanoni sun yi gaggawar sayar da na'urori ba tare da ingantattun darussa ba, ɗalibai masu hazaƙa sun gaji da ƙananan matakai, jadawalin makaranta kuma bai dace da barin kowa ya tafi da saurinsa ba.

Na'urar ta kau, amma ƙa'idojin sun wanzu. A 1962 Robert Mager ya fitar da littafinsa a kan rubuta manufofin darasi da aikatau masu nuna aiki na zahiri, wanda tun asali domin masu tsararren darasi aka yi shi. Fred Keller, abokin Skinner tun suna ɗalibai a Harvard, ya bayyana a 1968 tsarin da ɗalibin jami'a ba ya wuce kashi ɗaya na kwas sai ya ci gwajinsa. A shekarar nan dai Benjamin Bloom ya gabatar da tsarin koyo har a ƙware, wanda ke cewa mafi yawan yara za su iya abin da ake koya musu idan aka ba su isasshen lokaci da gyara a kan kari. Manhajojin koyo na kwamfuta da na waya, masu ba da tambaya ɗaya su nuna sakamako nan take, a kan wannan turba suke. Wanda ya san makarantar allo ma ba zai ga baƙon abu a ƙa'ida ta (e) ba, domin a can kowane almajiri da allonsa, kuma ba ya wankewa a yi masa ƙari sai ya iya abin da ke rubuce, ko da yake tsarin biyu sun taso ne daga tushe mabambanta.

9.0 Suka da Martani

Suka mafi ƙarfi ta fito ne daga fagen nazarin harshe. A 1957 Skinner ya buga Verbal Behavior, littafin da ya shafe fiye da shekara 20 yana aikinsa, inda ya ɗauki magana a matsayin ɗabi'ar da masu sauraro ke ƙarfafawa. A 1959 Noam Chomsky ya yi wa littafin sharhi mai zafi a mujallar Language. Hujjarsa ita ce, yaro yana furta jimlolin da bai taɓa ji ba, yana kuma gano dokokin nahawu cikin 'yan shekaru ba tare da an bi shi da lada a kan kowace jimla ba. Skinner bai mayar da cikakken martani ba, sai Kenneth MacCorquodale ne ya yi hakan a 1970. Sharhin Chomsky ya taimaka wajen karkatar da masana zuwa nazarin tunani da abin da ke gudana a ƙwaƙwalwa. Duk da haka, ana amfani da rabe-raben da ke cikin littafin Skinner wajen koya wa yara masu jinkirin magana yadda za su roƙi abu da yadda za su ambaci sunansa.

Tsofaffin ɗalibansa ma, Keller da Marian Breland, sun nuna iyakar ka'idar a 1961. Sun horar da alade ya riƙa kai kuɗin katako cikin asusu, amma bayan wani lokaci sai ya koma yar da kuɗin yana tura su da hanci kamar yadda yake tonon ƙasa, ko da hakan na jinkirta masa abinci. Wato halitta tana da nata rinjayen. Littafinsa Beyond Freedom and Dignity na 1971 kuwa ya jawo masa zargin cewa yana son a juya mutane kamar dabbobin gwaji.

10.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Skinner ya sami lambar yabo ta ƙasa a fannin kimiyya a 1968. Ya yi ritaya a 1974, amma bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta tarihin kansa cikin littattafai uku tsakanin 1976 da 1983. A 1989 likitoci suka gano yana da sankarar jini. A ranar 10 ga watan Agusta na 1990 ya tsaya gaban taron ƙungiyar masana ilimin halayya ta Amurka a birnin Boston, ya karɓi lambar girmamawa ta aikin rayuwa, ya kuma yi jawabi yana kare ra'ayinsa. Ya mutu bayan kwana takwas, ranar 18 ga Agusta, a Cambridge ta jihar Massachusetts, yana da shekara 86.

11.0 Kammalawa

Masana ba su yarda cewa ka'idar Skinner ta bayyana dukkan koyo ba. Ba ta wadatar wajen bayanin yadda yaro ke tashi da harshen uwa, ko yadda ɗalibi ke fahimtar jigon waƙa. Amma a fagen gwanintar da ake iya rabawa gaɓa-gaɓa, kamar ƙa'idojin rubutu da furuci da karatun farko da lissafi, dabarunsa suna aiki har yau. Malamin da ke gaban yara 70 ko 80 ba shi da na'ura, amma zai iya rage girman mataki, ya sa yara su duba aikin juna nan take, ya yaba wa ƙoƙari tun bai cika ba. Kafin ya kira yaro daƙiƙi, wajibi ne ya koma ga tsarin darasinsa ya nemo gaɓar da ya tsallake.

12.0 Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin irin koyon da Pavlov ya nazarta da wanda Skinner ya nazarta.
2. Waɗanne ƙa'idoji biyu ne Skinner ya ga an saɓa wa a ajin da ya ziyarta a 1953?
3. Tsara darasin bambanta d da ɗ cikin gaɓoɓi shida, ka nuna inda za a janye tallafi.
4. Kawo hujjar Chomsky, sannan ka tattauna irin darussan Hausa da tsararren darasi ya dace da su da waɗanda bai dace da su ba.